Abin da Ikram Take Gani

Fagge, Kano
9 ga Satumba, 2023

Ƙanena Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ina fatan kana lafiya, karatu kuma yana tafiya yadda ake so. Mu nan lafiya ƙalau, sai ruwan sama da ya hana mu sakat. Malam yana gaishe ka, ƙafar tasa ta yi sauƙi har ya koma shagonsa na yadi a kasuwar Kwari.

Na san za ka yi mamakin ganin saƙona, don rabonmu da haɗuwa tun rasuwar kakata Hajiya Nana Fatima, ƙanwar kakanka, lokacin kana sakandare. A wajen innarka na karɓi adireshinka na imel. Ita ta ce min karatun haɗa fim kake yi a Indiya, ni kuwa duk danginmu ban ga wanda zan tambaya abin da ke raina ba sai kai.

Maganar autata ce, Ikram. Shekararta sha shida, tana aji biyar. Tun da yayanta ya bar mata tsohuwar wayarsa ta shiga ɗaukar fim, ita da ƙawarta Ujunwa, 'yar ajinsu da ke Sabon Gari. Uwar yarinyar, Nneka, nas ce, mun san juna tun yaran suna firamare. Da farko na ɗauka irin raye-rayen da yara ke sakawa a waya ne. Da na sa ta nuna min sai na ga ba haka ba ne. Babu waƙa, babu magana, ban kuma ga labari ba. A ɗaya, Ujunwa ce take tafiya a tsakanin yaduddukan da aka rataye a Kwari, gefe da gefen hoton baƙi ƙirin, sai tsakiya kaɗai ake gani. Can ta tsaya gaban madubi, bakinta ya fito, ya ɓace, sannan ido ɗaya ya fito. Ɗayan kuma a tashar jirgin ƙasa suka yi shi da magariba, yarinya ta ɗauko kifi a kwanon ruwa tana bin layin dogo, kowace fitila da zobba masu launi a jikinta.

Malam ya ce shiririta ce, a daina. Gaskiya kallon wayar har ya fara sa mata ciwon kai, ga shi ta zama mai ɓarna, jiya ma filas ɗin shayi ta ture yana ajiye a gefenta. Amma shekarata ashirin da biyu ina koyar da yara, na san fuskar yaro idan yana son abu har zuci. Na haɗo maka fina-finan biyu. Ka duba ka faɗa min gaskiya, abu ne mai amfani ko in bi maganar babanta?

Yayarka,
Ummakulsum

Pune, Indiya
24 ga Satumba, 2023

Yaya Ummakulsum,

Wa'alaikumus salam. Na ji daɗin saƙonki ƙwarai. Ina lafiya, sai abincinsu da har yau cikina bai gama sabawa da shi ba. A gaishe min da Malam, Allah ya ƙara sauƙi.

Yaya, na kalli fina-finan nan ya fi sau goma. Na kai wa malaminmu, dattijon da ba ya yabon kowa, ya kalla ya ce in maimaita masa, sannan ya tambaye ni a wace makaranta yarinyar ta koyi wannan. Da na ce masa 'yar sakandare ce a Kano, da tsohuwar waya, sai ya cire tabarau yana jinjina kai.

Irin wannan fim ba labari yake bayarwa ba, yanayin zuciya yake nunawa, kamar mafarki. Duhun da ke gefe da fuskar da ba ta fitowa duka, ai halin yarinya ne mai tasowa, wadda ba ta gama sanin ko ita wace ce ba, duniya ta matse ta ta ko'ina. Mu nan wata uku muka yi ana koya mana yadda ake sa haske ya yi zobe irin na fitilun tasha. Ita wa ya koya mata?

Ki saurare ni da kyau, Yaya. Yarinyar nan tana ganin abin da mu ba ma gani. Ku kula da ita sosai, kada a yi wasa da wannan al'amari.

Akwai bikin gajerun fina-finai na matasa da ake yi a nan cikin watan Afrilu. Na tura musu na Kwarin, idan ba ku amince ba sai in janye. Jibi za mu tafi wani ƙauye a kan duwatsu ɗaukar fim ɗinmu na kammala karatu. An ce babu sabis a can, za mu kai wata uku. Idan kin ji shiru, dalilin ke nan.

Ƙaninki,
Abdurra'uf

Fagge, Kano
16 ga Oktoba, 2023

Abdurra'uf,

Sallama da fatan alheri. Na san ka ce babu sabis, amma na rubuto ko Allah zai sa ka sauko gari ka gani. Kowa lafiya, ban da wadda zan yi maka maganarta.

Maganarka ta hana ni sukuni. Ka ce tana ganin abin da mu ba ma gani, ka ce kada mu yi wasa. Na karanta wa Malam, ya kira yayarsa Gwaggo, na sake karantawa a gabanta. Ta ce ai ita ta daɗe da lura, bakinta kawai ta kama.

Daga ranar na sa mata ido, na kuma ga abubuwan da a da ban ɗauke su komai ba. Idan aka kunna ƙwan tsakar gida sai ta tsaya tana kallonsa kamar an dasa ta. Idan mutum ya zo ta gefenta sai ta zabura, ta ce daga ina ya fito. Tana tafiya bakinta yana motsi, ban san da wa take magana ba. Na zaunar da ita na ce, "Auta, me kike gani a jikin fitilar nan?"

Ta ce, "Zobba ne, Umma. Ke ba kya ganinsu?"

Na ce ba na gani. Ta kalle ni, ta ce, "To shi ke nan, ba komai."

Gwaggo ta ce yawon tashar jirgi da magariba ne ya jawo, wurin da ba kowa, ga tsofaffin taragu. Ta ce can ta gamu da su. Mun fara kai ta wajen wani malami a unguwarmu yana yi mata ruƙiyya, Litinin da Alhamis. Malam ya karɓe wayar ya kulle a shago. Na aika wa Nneka cewa Ujunwa ta ɗan dakata da zuwa, ban faɗa mata dalili ba, kunya ta hana ni.

Ranar da aka karɓi wayar ba ta yi kuka ba. Cewa kawai ta yi, "Kawu Abdurra'uf ya kalla? Me ya ce?" Na ce ka ce a kula da ita. Don Allah me ka gani a cikin fim ɗin nan? Ka fito min da shi fili, ni uwa ce, zan iya ɗauka.

Yayarka,
Ummakulsum

Fagge, Kano
11 ga Disamba, 2023

Abdurra'uf,

Ina gaisuwa. Har yau shiru.

Abin gaba yake yi. Ta faɗo daga matakalar makaranta ta fasa haɓa, ɗinki huɗu. Mun ce ta zauna a gida sai ta warware. Ciwon kan yana kai ta har amai. Malamin da ke mata ruƙiyya, Allah ya saka masa, ya ce shi bai ga alamar komai a jikinta ba, mu gwada asibiti. Gwaggo ta ce aikin ne ya fi ƙarfinsa, ta samo wani a hanyar Gezawa. Can muke zuwa yanzu.

Ta daina magana sai an tambaye ta. Wuni take yi a ɗaki fuskarta a bango. Idan ka ga wannan ka kira ni ko da minti ɗaya ne.

Ummakulsum

Pune, Indiya
7 ga Janairu, 2024

Yaya Ummakulsum,

Assalamu alaikum. Yau muka sauko, ruwa ya riƙe mu fiye da yadda muka tsara. Lafiyata ƙalau. Ina buɗe waya na ga saƙonninki biyu, na kira ki sau uku ba ta shiga ba, shi ya sa na zauna rubutu ko jakata ban kwance ba.

Innalillahi! Yaya, ba abin da nake nufi ke nan ba, wallahi. Cewa na yi tana da baiwa, idonta yana kama kyawun da sauran mutane ke wucewa ba su lura ba. Haka muke yabon mai fasaha a nan. Ban taɓa kawo maganar aljanu a raina ba, ban ga komai a fim ɗin ba sai gwaninta. Ki ba wa Malam da Gwaggo haƙuri, ki ce laifin bakina ne.

Abin da ke damun Ikram a fili yake. An raba yarinya da abin da take so, an raba ta da ƙawarta, an cire ta daga makaranta, dole ta juya wa duniya baya. Damuwa tana kawo ciwon kai, tana sa mutum tuntuɓe. Zobban da take faɗa kuwa tunanin aikinta ne, mu ma haka muke, ko'ina hoto muke gani. Ku mayar mata da wayarta, ku bar Ujunwa ta dawo, za ki ga ta warware cikin sati biyu.

Ga kuma albishir ki kai mata. An zaɓi fim ɗinta! Cikin fiye da ɗari huɗu aka ɗauki ashirin da biyar, nata yana ciki. Za a haska shi ranar ashirin ga Afrilu a babban zaure. Ki ce mata kawunta yana alfahari da ita.

Ƙaninki,
Abdurra'uf

Fagge, Kano
3 ga Maris, 2024

Abdurra'uf,

Sallama. Ka yi haƙuri da rashin ɗaga kiranka, ba ni da bakin magana ne. Jikinmu lafiya. Ga abin da ya faru.

Na bi shawararka. Malam ya dawo da wayar, na aika aka kira Ujunwa. Na faɗa wa Ikram albishir ɗinka, ta yi murmushi, rabon da in ga haƙoranta tun Oktoba. Amma wayar kwana uku tana kan katifa ba ta taɓa ba. Muka ƙara wata guda muna jiran ta warware kamar yadda ka ce.

Wata ranar Asabar sai ga Nneka da kanta, ko kayan aiki ba ta cire ba. Ta ce, "Maman Ikram, ki yi haƙuri na zo ba sanarwa. Ujunwa ta ce ta miƙa wa Ikram lemo ta hagu, hannunta a miƙe har ta gaji, Ikram ba ta karɓa ba. Ina so in duba ta."

Ta zaunar da ita a tsakar gida, ta nuna mata hancinta, ta ce nan za ta kalla kada ta motsa ido. Ta ɗaga yatsu ta gefe ta ce nawa ne. Ikram ta ce, "Ina yatsun?" Ta matso da hannun, ta ƙara matsowa, sai da ya zo daf da fuskar Nneka sannan ta ce biyu. Nneka ta juyo ta kalle ni, idonta ya kawo ruwa. Ta ce, "Ɗauko mayafinki."

A asibitin ido likita ya ce hawan jinin ido ne, wanda suke kira gilakoma, wai yakan kama matasa ma. Yana cin gani daga gefe yana matsowa tsakiya, abin da ya ci kuma ba ya dawowa. Idon hagu ya tafi. Na dama saura kaɗan a tsakiya, sun yi masa aiki ranar Talata don a tsare abin da ya rage. Na tambaye shi, da mun zo tun Satumba fa? Ya ce, "Hajiya, kada ki tambayi wannan." Na ce sai ya faɗa min. Ya ce da wataƙila an ceci na hagun.

A can na ji sauran daga bakin Ujunwa. Kwalin da ake naɗe yadi a jikinsa, mai kamar bututu, shi Ikram ta ɗauko a shagon babanta ta yanka ta ɗaura a bakin kyamarar. Zobban kuwa man shafawa ta goga a gilashin. Ta yi ta gyarawa har sai da ta ce, "Yauwa, haka nake gani." Ujunwa ta ɗauka salon magana ne. Motsin bakin da nake tsoro, taku take ƙirgawa daga ɗaki zuwa ƙofa.

Abdurra'uf, ba mafarki ta ɗauka ba, ba kuma halin 'yan mata masu tasowa ba. Idonta ta ɗauka ta miƙo mana. Kai da malaminka mai tabarau kuka kalla sau goma kuka tafa mata. Ni da na haife ta na kalla na kai ta hanyar Gezawa. Malamin unguwa ya ce min asibiti, da kunnena na ji, na bi Gwaggo. Wata uku ina da nas a hannuna na hana 'yarta shigowa gidana.

Ban san me ya sa nake rubuto maka ba. Malam ba ya iya zancen, daga masallaci sai shago.

Ummakulsum

Pune, Indiya
5 ga Maris, 2024

Yaya,

Innalillahi wa inna ilaihi raji'un. Ban san yadda zan tambayi jikinta ba. Allah ya tsare abin da ya rage.

Na sake kallon fim ɗin sau ɗaya, ban iya kaiwa ƙarshe ba. Komai yana nan a fili. A saƙonki na farko ma kin rubuta ciwon kai, kin rubuta filas ɗin da ta ture, na tsallake su ina sauri in kai ga abin da zan yaba. Sau biyu kika tambaye ni, sau biyu na ba ki amsa da cikakken tabbaci kan abin da ban sani ba. Wata gudan ƙarshen nan ni na ci mata shi, ba ke ba, ba Gwaggo ba.

Gobe zan je in janye fim ɗin. Ba zan iya zama a zaure mutane suna tafa wa ciwonta ba. Ba na neman ki yafe min yanzu. Idan ba kya son sake jin ɗuriyata ma, na fahimta.

Abdurra'uf

Fagge, Kano
29 ga Maris, 2024

Kawu Abdurra'uf,

Assalamu alaikum. Ni ce Ikram. Ina faɗa, Ujunwa tana rubutawa a wayarta, idan ka ga kuskure nata ne. Ya azumi? Jikina da sauƙi. Ciwon kan ya tafi tun da aka yi aikin, ina ɗiga magani sau uku a rana. Yana da zafi amma na saba.

Umma ba ta san ina rubuto maka ba. Ujunwa ce ta karanta min duk saƙonninku a wayar Umma tana kicin, ka yi haƙuri.

Kawu, kada ka janye fim ɗin, idan ka janye ka mayar. Sati uku muka yi muna ɗaukarsa, masu shago suna korar mu, wani ya ce za mu ɓata masa shadda. Madubin kanti ne, sai da Ujunwa ta yi ta roƙo aka bar mu. Gaskiya ne haka nake gani, amma ni na zaɓi inda za ta tsaya, ni na zaɓi jan yadi a farko da fari a ƙarshe. Wannan ba ciwo ne ya yi ba, ni na yi. Abu ɗaya nake roƙo, kada ka faɗa musu maganar idona kafin su kalla. Su kalla tukuna.

Akwai abin da ban faɗa wa kowa ba sai yau. Tun ina aji uku na san wani abu yana faruwa. Allon aji ya fara guntulewa, ina juya kai kafin in karanta layi ɗaya. Na yi shiru don ina tsoron a ce waya ce a karɓe. Wani lokacin kuma sai in ce ƙila kowa haka yake gani idan ya girma, ba a dai faɗa ne. Da Umma ta ce za ta tura maka na yi murna, na ce kai da ka yi karatun hoto za ka gane ka faɗa musu, ni ba sai na buɗe baki ba. Da ta tambaye ni a kan fitila ma, da na yi mata bayani da ta ji. Na ce ba komai. To ka ga ni ma da nawa.

Bayan sallah zan koma makaranta. Ujunwa za ta riƙa biyo min, daga Sabon Gari zuwa nan ba nisa. An ce za a ba ni kujerar gaba.

Likita bai ce sauran zai tafi ba, bai kuma ce ba zai tafi ba. Shi ya sa kullum da hantsi nake cewa Umma ta zauna a tsakar gida, taku huɗu daga inda nake, don a nan ne fuskarta take shiga duka. Ina so in haddace ta. Amma da ta zauna ta ga ina kallonta sai ta fara kuka, ta ce ita ta jawo min. Kullum haka. Kawu, ba wannan fuskar nake so ta zauna min ba.

Ba ta amsa maka ba, amma tana buɗe wayar tana dubawa, ina jin ta. Don Allah ka rubuto mata. Kada ka ƙara ba ta haƙuri, kada ka yi zancen laifi, ta ƙoshi da shi. Ka ba ta labarin abincinsu, ko wani shirmen da ka yi a kan duwatsun nan, abin da zai ba ta dariya. Ka turo da misalin ƙarfe goma na safe agogonmu, lokacin tana zaune a gabana.

'Yarka,
Ikram